Canonet QL17 G-III: tsohuwar kyamarar Japan, ƙarfinta da cututtukanta

A cikin ƙananan kyamarorin fim da Japan ta ƙera tsakanin 1960 da 1980, da wuya a samu wadda sunanta ya yi yawo a bakin masu neman tsofaffin kaya kamar Canonet QL17 G-III. Kamfanin Canon ya fito da ita a 1972, ya ci gaba da ƙera ta har 1982, aka sayar da kimanin miliyan 1.2. Wannan yawan ne ya sa ba ta wuyar samu a kasuwar gwanjo ta intanet, shi ne kuma ya sa marasa lafiya suka yi yawa a cikin waɗanda ake tallatawa. Autarsu ma ta haura shekara 40. Saboda haka mai saye yana da tambaya biyu a gabansa: yaya ƙirar take tun asali, kuma me shekaru suka yi wa wadda ke hannunsa. Ta biyun ta fi ta farkon cin kuɗi.

Asalin gidan ya faro ne a 1961, lokacin da Canon, wanda aka sani da kyamarori masu tsada, ya fito da Canonet ta farko a kan yen 18,800. Kayan da aka tanada na mako guda sun ƙare cikin awa biyu a kantin Mitsukoshi na Tokyo. A wancan lokacin manyan kamfanonin Japan sun riga sun fara juya baya ga kyamarorin ƙwararru masu ma'aunin nisa, wato na'urar da ke auna tazarar abin da za a ɗauka don hoton ya fito da kaifi, domin Leica M3 ta Jamus, wadda ta fito a 1954, ta yi musu nisan da ba su ga hanyar cimmawa ba. Nikon ya koma ga kyamarar da ake leƙawa ta cikin idonta, wato gilashin gaba da ke ɗaukar hoton, ya fito da Nikon F a 1959. Sai fasahar ma'aunin nisa ta sauko zuwa ga kyamarorin iyali masu ido guda da ba a cire shi, kuma a nan ne Canon da Yashica da Olympus da Minolta da Konica suka yi kusan shekara ashirin suna gwabzawa, har kyamarori masu saita nisa da kansu, irin Konica C35 AF ta 1977, suka zo suka tashi kasuwar.

Sunan ma yana da fassara. QL na nufin saurin loda fim, 17 na nufin mafi faɗin kafar haskenta wato f/1.7 (ƙaramar lamba na nufin kafa mai faɗi), G na nufin an ɗaga darajarta, III kuma zubi na uku. A kula da wannan wajen saye, don akwai 'yan uwa masu kama da juna. QL17 ta 1965 babba ce mai nauyi, idonta milimita 45 (wannan lamba tana nuna faɗin wurin da ido ke ɗauka, ƙarama ta fi ɗaukar wuri mai faɗi). Ta 1969 ita ce ta fara zuwa da ƙaramin jiki da ido mai milimita 40, kusan ita ce G-III in ban da fitilar gwajin batir da 'yan gyare-gyare. Akwai QL19, akwai kuma Canonet 28 wadda idonta f/2.8 ne kuma ba ta barin mutum ya zaɓi saurin ɗaukar hoto da hannu. Wadda ake magana a kanta tana da tambarin G-III a gaban jikinta.

A hannu, abu na farko da za ka ji shi ne nauyi. Faɗinta milimita 120, tsayi 75, kauri 60, amma giram 620 ce, domin ƙarfe ne da gilashi. Ba ta shiga aljihun riga, ta aljihun jaka ce. Duk saitin yana kan zoben da ke kewaye da idon: na saurin shota (marfin da ke ƙiftawa haske ya shiga) a gaba, na kafar haske a bayansa, sai ɗan hannun saita nisa a gefen hagu wanda yatsa ɗaya ke turawa. Tafiyar wannan hannu gajeriya ce ƙwarai, daga santimita 80 zuwa iyakar nisa bai kai rubu'in zagaye ba. Wannan yana sa a saita da sauri, amma yana sa a wuce wurin da sauri ma. Zoben kafar haske siriri ne, manne da jiki, mai manyan yatsu zai yi ta lalube. Nan ƙirar ta gaza, kuma ƙanƙantar da jiki ce ta jawo.

Ma'aunin nisa, wanda shi ne ruhin kyamarar

Ka duba gaban kyamarar daga sama za ka ga tagogi. Babbar ita ce tagar leƙe. Can gefe akwai wata 'yar ƙarama da ke kallon abu ɗaya da babbar, amma daga wani kusurwa daban. Hasken da ya shiga ƙaramar yana dukan wani madubi, ya tafi a kwance cikin kan kyamarar, ya tarar da wani gilashi mai rabin shafe da ke tsaye a karkace cikin tagar leƙe. Wannan gilashi yana barin hoton gaba ya wuce, yana kuma cillo hoton gefe zuwa idonka. Shi ya sa kake ganin ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiya, da hoto biyu a cikinsa. Idan ka tura hannun saita nisa, idon kyamarar yana matsawa gaba ko baya, wani ɗan ƙarfe da ke jingine da shi yana motsa ɗaya daga cikin hotunan. Inda biyun suka hau kan juna suka zama ɗaya, nan ne daidai. Lissafin kusurwa ne kawai, irin wanda idanun mutum biyu ke yi, babu lantarki ko kaɗan a ciki.

Amfanin wannan tsari yana da yawa. Babu madubin da ke tashi yana faɗuwa kamar a manyan kyamarori, don haka babu girgiza, kuma hoton ba ya ɓacewa daga idonka lokacin da ka danna. Mai tsayayyen hannu zai iya ɗauka a 1/30, wani lokaci har 1/15, hoton ya fito ba rawa. A wuri mai duhu-duhu ma haɗa hoto biyu ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin gane kaifin hoto da ido. Dabarar ita ce ka nemi layi a tsaye, kamar gefen ƙofa, bakin hula, ko ƙwayar ido, ka ɗora tabon a kai. Layin da ke kwance ba ya nuna rabuwa, sai ka karkata kyamarar. Abu mai zane iri ɗaya a jere, kamar ƙarafan taga ko saƙar tabarma, yana yaudara, domin za ka iya haɗa layi da maƙwabcinsa ka ɗauka ka dace.

Illarsa kuma ita ce ba ta cikin idon kyamarar kake kallo ba. Tagar leƙe tana sama da shi, tana kuma gefe, don haka a kusa abin da ka gani ba shi ne daidai abin da fim zai gani ba. Canon ya magance rabin wannan: layukan da ke nuna iyakar hoto suna zamewa ƙasa da gefe yayin da kake matsowa kusa. Wannan gata ne da ƙananan kyamarori da yawa na zamanin ba su da shi. Sauran rabin kuwa babu magani. Ba za ka ga yadda bayan mutum zai narke ba, ba za ka ga tasirin filta ba, kuma za ka iya ɗaukar hoto da murfin ido a rufe ba ka sani ba idan kana saitin hannu. Tagar tana rage girman abu zuwa kashi 0.6, ta wadatar ga ido mai milimita 40, amma tabon tsakiyar ba shi da kaifin gefe irin na Leica. Masu kiranta Leica ta talaka sun yi mata kirarin da ya fi ƙarfinta a wannan fanni.

Idon kuwa ya cancanci yabon da ake masa. Gilasai 6 ne a rukuni 4. Zaɓen milimita 40 hikima ce: hoton da ke kan fim mai faɗin milimita 35 yana da milimita 24 a 36, layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa kimanin 43 ne, don haka 40 ya fi 50 kusa da yadda ido ke ganin wuri. Yana ɗaukar mutum da abin da ke kewaye da shi ba tare da ya kumbura fuska ba. A f/1.7 tsakiya tana da kyau amma da ɗan laushi, kusurwoyi suna ɗan duhu. Daga f/4 ya fara cizo, a f/5.6 da f/8 kuwa babu abin da za a nema a rasa. Idan rana tana gabanka yana yin hazo, domin shafen gilashin na wancan zamani ne, sai a kare shi da hular ido ko tafin hannu.

Ga wani lissafi da ya kamata mai ita ya riƙe. A f/1.7, in mutum yana mita 1 daga gare ka, abin da zai fito da kaifi bai wuce kimanin santimita 6 ba daga gaba zuwa baya. Ka ɗan sunkuya bayan ka saita, ka tashi da hanci mai kaifi da idanu dishi-dishi. A f/8 kuwa, ka ajiye nisa a mita 3, komai daga kimanin mita 2 zuwa 5 zai fito. A f/11 da mita 5, daga mita biyu da rabi har iyakar gani. Kyamarar ba ta da zanen da ke nuna wannan a jikin idon, abin takaici, sai dai a haddace.

Shotar, wato marfin da ke ƙiftawa ya bar haske ya shiga, ƙirar Copal ce, 'yan siraran ganyayyakin ƙarfe a cikin idon kansa. Tana tafiya daga 1/4 zuwa 1/500, da B na riƙewa a buɗe. Sifirin ne ke tafiyar da ita, ba batir ba, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa G-III ta fi yawancin kishiyoyinta tsawon rai: ko mitar haske, wato na'urar auna haske, ta mutu murus, kyamarar tana ɗaukar hoto a kowane sauri. Ƙararta 'yar ƙaramar "tik" ce, wanda ke kusa da kai ma ba lalle ya ji ba.

Amma 1/500 iyaka ce da za ta dame ka a ƙasa mai rana. Ƙa'idar da masu hoto suka sani ita ce, a tsakar rana tarwai, f/16 da saurin da ya yi kusa da lambar fim, wato ASA, wadda ke nuna yadda fim ke saurin kama haske. Fim mai ASA 400 ke nan yana buƙatar f/16 da 1/500, wato ƙarshen abin da kyamarar ke iyawa ta kowane ɓangare. A ranar bazara, kan farin yashi ko gaban farin bango, ka wuce iyakar. Fim mai ASA 100 ya fi dacewa: 1/500 da f/8. Mai son ya buɗe idon don bayan mutum ya narke da rana sai ya sa filtar rage haske ta ND8, wadda ke cin mataki uku (kowane mataki yana rage rabin haske), ta kai shi f/2.8. Bakin filtar milimita 48 ne, girman da ba a cika samu ba. Zoben da ke mayar da 48 zuwa 49 yana da araha, kuma filtocin 49 sun cika ko'ina.

Mitar haske da rigimar batir

Ɗan idon mitar yana saman gilashin gaba, cikin zoben filta. Wuri ne mai kyau: duk filtar da ka ɗaura, mitar tana gani ta cikinta, ba sai ka yi lissafi ba. Ka sa zoben kafar haske a A, ka zaɓi sauri, allura a gefen dama na tagar leƙe ta nuna kafar da kyamarar za ta ɗauka. Idan allurar ta shiga ja a sama ko a ƙasa, maɓallin yana ƙin dannuwa. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyar kyamara suna cewa ta maƙale, alhali ƙin ɓata fim take yi. Ka fitar da zoben daga A ka gwada kafin ka yanke hukunci. Idan ka danna maɓallin rabi, allurar tana kamuwa a inda take, don haka za ka iya auna hasken fuskar mutum a kusa, ka riƙe, ka ja baya ka ɗauka. Wannan yana da amfani sosai ga baƙar fata cikin fararen kaya, ko mutum a inuwa rana tana bayansa, inda mitar ke ruɗuwa da farin ta bar fuska cikin duhu. Lambar fim tana tafiya daga ASA 25 zuwa 800, ana canza ta da wani ɗan ƙarfe a jikin idon, da farce.

Abin haushin shi ne da zarar ka bar A, mitar ta daina aiki. Mai son saitin hannu sai ya karanta a A, sannan ya juya zoben. Kuma babu makunni; murfin ido shi ne makashinta, in ka bar ta a A a buɗe batir yana ta zuba.

An ƙera mitar ne don batirin zaiba mai lamba PX625, wanda ke ba da bolt 1.35 ba ya hawa ba ya sauka har ya mutu. An daina yin sa saboda gubar zaiba. Batirin alkalin mai wannan siffa yana shiga ramin daidai, amma bolt 1.5 yake farawa da shi, sannan ya yi ta raguwa. Yana sabo mitar tana ganin haske ya fi yadda yake, ta tsuke kafa, hoto ya fito da duhu. Yana tsufa kuskuren ya canza. Wasu suna rage lambar fim, su sa 200 ga fim ɗin 400, kuma fim mai launi yana jure wannan domin ya fi haƙuri da yawan haske a kan ƙarancinsa. Amma dabara ce ta wucin gadi. Hanya mai araha ita ce batirin na'urar ji ta masu matsalar kunne, lamba 675, mai bolt 1.4. Faɗinsa milimita 11.6 ne, na asalin kuwa 15.6, sai a zagaye shi da zoben roba don ya zauna a tsakiya. A ɓare takardar bayansa a jira minti ɗaya ko biyu kafin a saka, domin da iska yake aiki. Aibinsa shi ne ko ana amfani ko ba a yi yana bushewa cikin makonni ko 'yan watanni, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta mutuwarsa. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce adaftar MR-9 ta gaske, mai ɗan diyod a ciki, wadda ke ɗaukar batirin azurfa SR43 ta sauke shi daga 1.55 zuwa 1.35. A yi hattara, akwai masu kama da ita da tagulla ce zalla ba ta rage komai.

Loda fim kuwa sai dai a ce madalla. Ka ja ƙullin mayar da fim sama ƙofa ta buɗe, ka saka gwangwanin, ka ja harshen fim zuwa alamar da ke gefen dama, ka rufe. Wani faifan ƙarfe yana sauka ya danne harshen, ba sai ka cusa shi a tsaga ba. Ka yi ta jan hannun har ya tsaya da kansa a hoto na farko. Wata 'yar taga a baya mai zane ja da fari tana rawa idan fim yana tafiya. In ba ta motsa ba, bai kama ba. Kada ka ja harshen ya wuce alamar, zai naɗe ya cushe. Mai hankali yakan samu hoto 37 ko 38 a fim ɗin 36.

Filasha ma an yi mata tunani. Da yake shotar ta ganye ce, filasha tana aiki a kowane sauri har 1/500, abin da ke da amfani wajen cike inuwar hula a fuska da tsakar rana. Filashar da aka yi mata, Canolite D, tana sa kyamarar ta zaɓi kafar haske bisa nisan da ka saita.

Abin da shekaru ke yi mata

Soson tare haske shi ne na farko, kuma kusan babu wadda ta tsira. Canon ya yi amfani da soso mai yawa a ƙofar baya, shi kuwa yana narkewa ya zama baƙin danƙo kamar kwalta. Alamarsa a hoto ita ce jan tabo ko ruwan lemo a gefe, domin hasken ta bayan fim ya shigo. Gyaran na gida ne, awa ɗaya zuwa biyu. Ka manna takarda a kan ramin fim don datti kada ya faɗa kan gilashin baya. Ka jiƙa tsohon soson da sifirit ko man laita kaɗan, ka kankare shi da tsinken sakace ko tsinken gora, ban da ƙarfe. Sabon soso mai gam a baya, kaurin milimita 1 zuwa 1.5, a yanka shi siriri kimanin milimita 2 don kwararon sama da na ƙasa, sai faffaɗa a wajen maɗaurin ƙofa da ƙasanta. Baƙin zaren ulu yana iya maye gurbin na kwararon. A kwararon sama akwai ɗan ƙarfen da ke mayar da ƙidayar hoto farko, kada a rufe shi. Soso mai kauri fiye da kima yana sa ƙofa ta ƙi rufuwa ko ta lanƙwashe.

Na biyu hazo a tagar leƙe, wanda ke sa tabon tsakiya ya dusashe. Ana cire murfin sama a goge gilasan. Amma gilashin nan mai rabin shafe ba a taɓa shi, ko da auduga: shafen yana fita nan take, kuma in ya fita ma'aunin nisa ya tafi ke nan. Wanda zai buɗe da kansa ya tuna cewa ƙullin mayar da fim shi ne mabuɗin ƙofa. In ka kwance shi ka rufe ƙofar, ka kulle kanka a waje. Idan tabon ya yi rauni amma yana nan, ɗan ɗigon baƙin salatif a tsakiyar babbar taga daga waje yana ƙara masa fitowa.

Na uku maiko a ganyen shota. Man da ke cikin zaren saita nisa yana narkewa da zafi ya gangaro kan ganyayyakin, su riƙa mannewa. Za ka ga suna ƙyalli, ko su buɗe a hankali, ko su ƙi buɗewa sam. Maganin shi ne a kwance gilasan a wanke ganyen da man laita har su bushe ƙarau, aikin mai gyara ne da ke da mabuɗin zoben ido. Ganyen shota a bushe suke aiki. Duk wanda ya ce zai ɗiga musu man keken ɗinki ko ya fesa musu maganin tsatsa, karɓi kayarka ka tafi. Barin kyamara a cikin mota da rana yana jawo wannan cuta, yana kuma dafa fim. Hannun ɗaukar kai, wanda ke jinkirta dannawa kimanin daƙiƙa 10, gara a ƙyale shi: idan ya tsaya a rabi yana riƙe shotar gaba ɗaya.

Sai funfuna a cikin gilashi, mai kama da saƙar gizo-gizo, wadda laima da duhu ke haifarwa. Kaɗan a gefe ba ta hana hoto, amma wadda ta daɗe tana cin shafen gilashin. Da damina kada a ajiye kyamarar cikin jakarta ta fata. A sa ta a roba mai murfi da ƙullin silika mai shan laima. Da hunturu kuma a hure ƙura tukuna kafin a goge gilashi, don ƙurar tana karce shi. Ramin batir mai kore ko farin gari yana goguwa da ɗan ruwan khal, sai dai sau da yawa tsatsar ta bi waya ta ciki, sai an sake ta.

Kishiyoyinta

Yashica Electro 35 GSN ta 1973 ta fi ta araha a yawancin lokuta, idonta milimita 45 f/1.7 ba ya jin kunyar na Canon, kuma mitarta tana iya riƙe shota har kusan daƙiƙa 30, don haka ta fi ta iya dare. Amma ta fi girma, ba ta gaya maka saurin da ta zaɓa, kuma ba batir sai 1/500 kaɗai. Tana da wata 'yar roba a ciki da ke ruɓewa. Lafiyayya tana yin "ƙwas" idan ka fara jan hannun fim, in ba ka ji ba robar ta tafi. Olympus 35 SP ta 1969 tana da gilasai 7 da mitar da ke iya auna ɗan tsakiyar hoto kaɗai, kuma a ganin wannan bita idonta ya ɗara na Canonet kaɗan, sai dai mitar tana wajen zoben filta. Olympus 35 RC ƙarama ce sosai, ita ma tana aiki ba batir, amma f/2.8 ce. Konica Auto S2 ta 1965 tana da tagar leƙe da ta fi ta Canon daɗin kallo, layukanta suna matsawa suna kuma tsukewa, ga nauyi kamar dutsen guga. Babu ɗayansu da ya haɗa ƙaramin jiki, f/1.7, saitin hannu ba batir da layuka masu matsawa yadda G-III ta haɗa. Wannan haɗin ake biya. Baƙar kuwa, wadda ake tsawwala wa kuɗi, fenti ne kawai ya raba ta da farar. Haka wadda aka rubuta Taiwan a jikinta, ƙira ɗaya ce da ta Japan. Lafiyayyar Yashica ta fi Canonet mai dusasshen tabo, komai sunanta.

Kafin ka biya, buɗe ƙofar baya, ka fitar da zobe daga A, ka sa f/1.7, ka kalli haske ta cikin idon kana dannawa a kowane sauri. A 1/4 ya kamata ka ji 'yar ƙara mai santsi ba tsayawa. Ka sa B ka riƙe, ka haska tocilar waya ta baya ka duba hazo da funfuna. Ka juya zoben zuwa f/16 ka ga kafar ta tsuke. Ka saita iyakar nisa ka kalli abu mai nisa sosai, hasumiya ko ƙarfen sabis ko wata: hotuna biyun su haɗu cif. Idan ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi, ido kawai yake damu. Idan a kwance suka rabu, duk hotunan f/1.7 za su kauce, sai an saita. Ka saka batir ka gwada allurar da manhajar auna haske ta waya a inuwa da rana, bambancin mataki ɗaya abin jurewa ne. In daga nesa kake saye, ka nemi bidiyon waɗannan gwaje-gwajen da hoton cikin ƙofa.

Ka kuma tabbatar da inda za a wanke maka fim kafin kyamarar ta iso. Fim na farko ya zama mai araha, na gwaji: ka jera abubuwa uku a kan tebur tsakaninsu santimita 10, ka saita na tsakiya a mita 1 da f/1.7, ka ɗauki bango ɗaya da 1/500 da f/4, sannan 1/125 da f/8, sannan 1/30 da f/16, ukun su fito da haske ɗaya, ka bar kyamarar a rana minti biyu kana juya ta, ka ja fim, ka ga ko ja zai bayyana a gefe. Ka rubuta saitin kowane hoto a takarda, don ranar da aka wanke ba za ka tuna ba.